"In ɓera da sata, daddawa ma da wari": ta dace da maganar Harvey Weinstein?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so masana su raba mana gardama. Zancen Harvey Weinstein ne ya taso a majalisarmu, attajirin nan mai shirya finafinai a Amurka wanda mata sama da 80 suka zarga da cin zarafi, tun daga taɓa jiki har zuwa fyaɗe. Ni na ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hujjata ita ce yawancin abin a ɗakin otal ya faru, kuma da ƙafarsu suka hau benen. Wasu ma bayan abin ya faru sun ci gaba da aika masa saƙon gaisuwa. Abokina ya ce na ɗora karin maganar a inda ba muhallinta ba. Ni dai ban wanke mutumin ba, ɓera na kira shi. To ina aibin?

Malamar Hausa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, bari mu fara da inda Bahaushe yake faɗinta. Mai shago ya bar akwatin ciniki a buɗe ya tafi hira, yaron shago ya zari kuɗi. Ko mutum ya ji an ce a kawo dubu goma a karɓi dubu hamsin cikin mako guda, ya kwashi jarinsa ya miƙa wa 'yan damfara. A irin nan ake faɗinta, kuma ta zauna daidai, domin wanda aka cuta ya yi sakaci ko ya yi kwaɗayi, kuma yana da ikon ya ƙi.

Sannan ka lura, daddawa ba ta da ƙafa, ba ta da niyya. Warinta halittarta ce. Wadda ake yi wa faɗa a ɓoye ita ce uwargidan da ta bar tukunya ba murfi. In ka ɗora karin maganar a kan mace, sai in tambaye ka, mene ne warin nata? Ƙuruciya? Kyau? Neman aiki? Wanne ne laifi a ciki?

Batun cewa ka kira shi ɓera kuwa, ka san yadda muke furta ta. Rabin farko da sauri ake wuce shi, a rabi na biyu ake sauke murya. Ban taɓa jin wanda ya faɗe ta don ya tsawata wa ɓera ba. Duk lokacin da ta fito, an riga an juya ana kallon wanda aka yi wa ɓarna.

Tsohon Ɗan Jarida:
Hajiya ta gama da ɓangaren harshe, ni bari in taɓa maganar otal, tunda a kanta ɗana ya kafa hujja. A wannan sana'ar, ganawa a otal ba baƙon abu ba ne, musamman lokacin bukukuwan finafinai, inda manyan kamfanoni kan mayar da ɗakunan otal ofisoshi. Abin da mata da yawa suka faɗa iri ɗaya ne: ma'aikacin kamfani ne ke kira a ce maigida na son ganinki kan aiki, a ce a haɗu a ƙasa, in kin zo a ce an mayar da zaman sama. Wani lokaci wata ma'aikaciya ta raka ki, zuwa can ta fice.

'Yar fim Ashley Judd, wadda jaridar New York Times ta ambata a rahoton Jodi Kantor da Megan Twohey na 5 ga Oktoba 2017, ta ce karin kumallo na aiki aka gayyace ta a wani otal a Beverly Hills. Aka tura ta ɗakinsa, ta tarar da shi cikin rigar wanka, ya nemi tausa, ya nemi ta kalle shi yana wanka. Ta ƙi. To me ya biyo baya? A Disamban 2017 darakta Peter Jackson ya ce wajen 1998 kamfanin Miramax, wanda Weinstein da ƙanensa Bob suka kafa, ya gaya masa ya guji Judd da Mira Sorvino don wai ba a jin daɗin aiki da su, shi kuma ya cire sunayensu. Weinstein ya musanta hannu a wannan. Amma ka duba, Sorvino ta riga ta ci Oscar, babbar lambar yabo ta finafinai, a 1996. In mai Oscar a hannu za a iya rufe mata ƙofa da magana ɗaya, ina ga yarinyar da ba wanda ya san sunanta?

Ɗan Kwari:
Baba na ji wannan. Amma shirun shekara ashirin fa? Kuma wasu kuɗi suka karɓa. Wanda aka zalunta kotu yake zuwa, ba banki ba.

Baristar Kaduna:
Yallaɓai, akwai wadda ta yi daidai abin da kake nema. A 2015 Ambra Battilana Gutierrez, 'yar Italiya mai tallan kayan sawa, tana da shekara 22, ta fita daga ofishinsa ta nufi wajen 'yan sandan New York ta ce ya taɓa mata jiki. Washegari suka ɗaura mata na'urar naɗar murya ta koma ta same shi. A naɗin ana jinsa yana lallashinta ta shiga ɗakinsa, tana ƙi, kuma da ta tambaye shi dalilin abin da ya yi mata jiya, bai ce bai yi ba. Duk da haka ofishin mai gabatar da ƙara na Manhattan, ƙarƙashin Cyrus Vance, ya ce hujjar ba ta isa a gurfanar da shi ba. Jaridun tsegumi kuma suka shiga tonon tarihinta. Duk macen da ke cikin sana'ar ta ga abin da ya sami wadda ta yi magana.

Kuɗin kuma ga yadda yake. Zelda Perkins mataimakiyarsa ce a ofishin Landan. A 1998 abokiyar aikinta Rowena Chiu ta gaya mata ya yi yunƙurin yi mata fyaɗe lokacin bikin finafinai na Venice. Su biyun suka bar aiki suka nemi lauyoyi, aka nuna musu cewa ja da shi a kotu ba zai kai su ko'ina ba. Aka ƙare da fam 250,000 su raba, tare da takardar rufe baki mai tsananin da ba a ma yarda Perkins ta riƙe kwafinta ba, kuma ko likita za ta gani kan lamarin sai shi ma ya sa hannu kan zai yi shiru. Shekara 19 tana ɗauke da wannan kafin ta karya yarjejeniyar a 2017. Ƙari a kan haka, ɗan jarida Ronan Farrow ya ruwaito a mujallar New Yorker cewa Weinstein ya ɗauki hayar kamfanin Black Cube, na tsofaffin jami'an leƙen asirin Isra'ila, har wata ma'aikaciyarsu ta shiga jikin 'yar fim Rose McGowan, ɗaya daga cikin masu zarginsa, da sunan mai kare haƙƙin mata don ta ji abin da take shirin faɗa.

Saƙonnin gaisuwa kuwa, ai mu ma muna da karin maganarsu: faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. Mace nawa ce ke durƙusawa ta gaida mutumin da ba ta ƙaunar gani, saboda abincinta a hannunsa yake?

Almajirin Zaure:
Jama'a a yi hattara. Na yarda karin maganar Alhaji ba ta zauna ba, amma ina jin tsoron mu gudu daga wannan mu faɗa wa 'yar uwarta, wato "ruwa ba ya tsami banza", inda da zarar an zargi mutum shi ke nan an gama da shi. Suratun Nur ta sa bulala 80 ga wanda ya jefi mai kamun kai da zina bai kawo shaidu huɗu ba, Hujurat kuma ta ce a yi bincike in labari ya zo. Kevin Spacey ya rasa ayyukansa tun 2017, amma a Yulin 2023 kotun Landan ta wanke shi daga dukkan tuhume-tuhumen da ke gabanta. Shi kansa Weinstein har yau yana cewa bai taɓa kusantar kowa ba da yardarta ba, kuma na ji an soke hukuncinsa.

Baristar Kaduna:
Allah gafarta Malam, an soke guda ɗaya, kuma dalilin yana da muhimmanci. A Fabrairun 2020 aka same shi da laifi a New York, aka ba shi shekara 23. A Afrilun 2024 babbar kotun jihar, alƙalai 4 a kan 3, ta rushe hukuncin saboda alƙalin farko ya bar wasu mata sun ba da shaida kan abubuwan da ba sa cikin tuhumar. Kotun ba ta ce matan ƙarya suka yi ba, cewa ta yi a sake shari'ar bisa ƙa'ida. Da aka sake a 2025, an same shi da laifi kan Miriam Haley, an wanke shi kan Kaja Sokola, masu yanke hukunci kuma suka kasa cimma matsaya kan tuhumar Jessica Mann. Can a Los Angeles an same shi da laifin fyaɗe a Disamban 2022, aka yanke masa shekara 16. Ina tare da kai cewa zargi ba hukunci ba ne. Sai dai mutum ya ce "ban sani ba, a bincika" daban, ya ce "ita ma da nata" daban. Na biyun ya riga ya yanke hukunci, kuma a kan mai ƙara ya yanke shi.

Gwaggon Maraɗi:
Malam, da izininka zan kawo ƙissar da ka fi ni sani. Annabi Yusuf, alaihis salam, a gidan wa yake? A ƙarƙashin ikon wa? Matar mai gida ce ta kulle ƙofofi. Kyansa kuwa har mata suka yanke hannuwansu. Ka taɓa jin malami a kan mumbari ya ce ai shi ma da nasa, don me ya yi kyau, don me ya shiga ɗakin da aka kira shi? Kuma bayan gaskiya ta bayyana, wa aka kai kurkuku? Marar ƙarfin ne.

A wajenmu abin da na fi ji shi ne "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga". A kan rigimar 'yan uwa da ke ba maƙiyi ƙofa, magana ce mai kyau. Amma na ji an faɗe ta a kan yarinya mai aikatau, wadda ba ta kai sha biyar ba, bayan mai gida ya lalata ta. A daren aka haɗa mata kayanta a leda aka sa ta a mota zuwa ƙauye. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Almajirin Zaure:
Gwaggo, kin kawo hujja mai ƙarfi, ba ni da ja. Sai dai ki ƙara da cewa a cikin ƙissar akwai zargin ƙarya, kuma rigar da aka yaga ta baya ce ta raba gardama. Shaida nake nema wa kowa, mai ƙara da wanda ake ƙara.

Autan Zaure:
Ni dai na ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ga shi yana kurkuku.

Tsohon Ɗan Jarida:
Auta, wannan tana sanyaya zuciya, amma kada ta sa mu kwanta. Jimmy Savile na Ingila ya shafe shekaru yana gabatar da shirye-shirye a BBC, har da na yara, ya tara wa asibitoci miliyoyin fam, Sarauniya ta ba shi sarautar Sir a 1990. Ya mutu a Oktoban 2011 yana da shekara 84, aka yi masa jana'iza ta girma. A ƙarshen shekarar wani shirin BBC ya yi bincike a kansa, aka ajiye ba a watsa ba. Sai a Oktoban 2012 tashar ITV ta fasa ƙwan. Rahoton 'yan sanda na Janairun 2013 ya ƙirga laifuka 214, mutum kusan 450 suka kawo ƙorafi, yawancinsu yara ne a lokacin da abin ya faru, wasu marasa lafiya ne a gadon asibiti irin Stoke Mandeville inda aka ba shi ɗaki nasa na kansa. Ranar mai kaya ba ta riske shi a duniya ba. Akwai waɗanda suka kai kuka tun yana raye, aka ƙi ɗaukar maganarsu da muhimmanci saboda wane ne shi.

Shi ya sa na koma kan abin da Hajiya ta faɗa na tukunya da murfi. In dole sai an nemi mai sakaci a maganar Weinstein, akwai su: lauyoyin da suka rubuta takardun rufe baki, shugabannin kamfaninsa, The Weinstein Company, da sai bayan jarida ta buga suka kore shi a ranar 8 ga Oktoba 2017, da wakilan 'yan wasa da suka ci gaba da tura 'yan mata wajensa alhali raɗe-raɗin ya cika gari.

Ɗan Kwari:
To na ji na waɗanda aka tilasta. Amma ba za ku ce mini babu macen da ta je da niyyar ta ba da kanta a ba ta fim ba. A kan irin wannan zan ci gaba da faɗinta.

Malamar Hausa:
Ba zan rantse babu ba, ƙanena. Amma ba ita ce ta kai ƙara ba, kuma kai a kan masu ƙarar ka faɗe ta. Sannan ka yi tunanin su wa ke jinka a majalisar nan. Lokacin da 'yan matanmu suka fara ba da labarinsu da #ArewaMeToo a Fabrairun 2019, da lokacin da BBC ta fitar da binciken Kiki Mordi kan malaman jami'o'in Legas da Ghana masu neman ɗalibai a Oktoban shekarar, amsar da na fi gani a ƙarƙashin labaran ita ce "me ya kai ta ofishinsa?" Ɗaliba kuma dole ta je ofishin malamin da ke duba aikinta na kammala karatu. Ƙanwarka tana karanta irin waɗannan amsoshin, tana auna me za ka ce in ita ce.

Gwaggon Maraɗi:
Barista, waccan takardar rufe baki da kika ce, har yanzu tana aiki a can?

Baristar Kaduna:
An rage mata ƙarfi, Gwaggo. A Amurka, a Disamban 2022 Shugaba Biden ya sa hannu kan dokar da ta hana amfani da takardar shirun da aka sa ma'aikaci ya sa wa hannu tun kafin rigima ta taso, in dai maganar cin zarafi ce. Wadda ake ƙullawa bayan an shiga sasantawa, irin ta Perkins, dokar tarayyar ba ta taɓa ta ba, sai dai wasu jihohi kamar Kalifoniya sun yi nasu dokokin da suka taƙaita ta. Ita Perkins ta kafa ƙungiya a 2021 don fafutukar a gyara dokar a Birtaniya da Kanada.