Asalin sunan beyar a harsunan Sikandinabiya

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Na lura cewa a Suwidin ana rubuta sunan beyar björn, a Norwe da Denmak kuma bjørn, alhali a Latin ursus ake cewa, a Girkanci kuma arktos. Tun da masana sun ce harsunan nan duk zuriya ɗaya ne, daga ina mutanen arewacin Turai suka samo tasu kalmar, kuma me ya raba ta da ta danginsu na kudu?

Malamin harsuna:
Wa alaikumus salam. Suwidin da Norwe da Denmak duk sun gaji kalmar ne daga tsohon harshen Nos, wato kakan harsunan Sikandinabiya, inda ake rubuta ta bjǫrn, kuma tushenta ɗaya da Bär na Jamusanci. Bambancin ö da ø na rubutu ne kawai, harafin j kuwa kamar y ake furta shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne tsohuwar kalmar da Girkawa da Romawa suka riƙe ta ɓace gaba ɗaya a wannan reshe na harsunan Sikandinabiya da Jamusanci. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne kakannin mutanen, waɗanda suke zaune dab da daji suna farauta, sun ji tsoron ambaton dabbar da sunanta, don kada kiran ya jawo ta ko ya ɓata musu farauta, sai suka riƙa sakayawa suna cewa "mai launin ruwan ƙasa". Da tafiya ta yi nisa, laƙabin ya zama suna, sunan gaskiya kuma aka manta da shi. Rashawa ma haka suka yi, domin medved ɗinsu na nufin "mai cin zuma".

Wata ɗaliba:
Malam, a gafarce ni, amma batun launin bai zama magana ɗaya ba tsakanin masana. Akwai waɗanda suke danganta kalmar da wani tushe mai ma'anar "naman daji", kuma a ganina wannan ra'ayi bai rushe batun sakayawar ba, tun da ko ta wace hanya aka bi, an kauce wa sunan asali ne. Sannan kada a saka Finlan cikin lissafin, domin harshensu daga wani gida yake dabam. Karhu suke cewa, ko da yake su ma suna da laƙabai irin su mesikämmen, wato "mai tafin zuma".

Mazaunin Suwidin:
Tsoron bai hana su raɗa wa 'ya'yansu sunan ba. Björn suna ne na maza har gobe, kamar Björn Borg, ɗan wasan tanis da ya ci gasar Wimbledon sau biyar a jere daga 1976 zuwa 1980, kuma yana cikin sunaye irin su Torbjörn. 'Yar tsanar beyar da yara ke runguma kuwa nalle ake ce mata a nan, a Denmak kuma bamse, duk da cewa babu beyar ko ɗaya a dazukan Denmak.