Waƙoƙin Turawa na zamanin da, na coci ne kawai?

Ɗan Gadarif:
Slm jama'a. Wani abokina da ya yi karatun kiɗa a Hartum kafin yaƙin nan ya turo min wata waƙar coci ta Turai, maza zalla suna jan murya ɗaya, ba ganga ba garaya ba komai, wai waƙar Giregori ake ce mata kuma ta haura shekara dubu. Ni abin da ya ɗaure min kai, mutanen nan ba su da waƙar biki ne ko ta soyayya a lokacin, sai ta ibada? Sannan a majalisarmu wani ya dage wai duk kiɗan Turawa daga Andalus suka kwaso, har do re mi ɗin nan wai haruffan Larabci ne. Gaskiya ne ko hirar mai shayi ce?

Malamin Kasala:
Wa alaikas salam ƙanina. Suna da waƙoƙin duniya mana, har sun fi na coci yawa a bakin mutane, matsalar ita ce alƙalami a hannun 'yan coci yake, fatar rubutu kuma tsada gare ta, wa zai ɓata fatar ɗan maraƙi ya rubuta waƙar da manomi ke yi a gona? Shi ya sa abin da ya iso mana yawanci na ibada ne.

Sunan kuma na Paparoma Giregori na farko ne, wanda ya riƙe muƙamin daga 590 zuwa 604, amma ba shi ya tsara ta ba, jingina masa aka yi don ta samu daraja. A ƙasar Farankawa, wato yankin Faransa da Jamus na yau, ta kankama, zamanin sarki Pepin da ɗansa Sharlaman, ƙarni na 8 zuwa na 9, da suka so a ce duk cocin daularsu salon Roma yake bi. To ka ga daula ce mai faɗi, ɗaruruwan waƙoƙi kuma duk da ka ake riƙe su, sai aka fara sa 'yan alamomi a saman kalmomin Latin ɗin, ɗigo da ƙugiya, masu nuna murya ta hau ko ta sauka, amma ba sa faɗa maka nawa za ta hau, wanda ya riga ya san waƙar kaɗai suke tuna wa. Sai wajen 1025 wani malamin coci a Italiya, Gido na garin Arezo, ya jera alamomin kan layuka, kowane layi da muryarsa, ya zama yaro zai iya rera waƙar da bai taɓa ji ba. Shi da kansa ya ce horon da ke cin shekara goma ya dawo ɗaya ko biyu. A ganina nan ne asalin inda kiɗansu ya ɗauki tasa hanya daban, don da zarar abu ya hau takarda kana iya zama ka ɗora murya kan murya ka lissafa inda za su haɗu. Wajen shekarar 1200 a cocin Notre Dame na Paris, wani mai tsara waƙa Perotin har murya huɗu yake haɗawa a lokaci guda.

Maman Hanan, Madani:
Malam Allah ya ƙara basira, amma ka tsallake na soyayyar da yaron ya tambaya. A kudancin Faransa akwai mawaƙan da ake kira turubado, da yarensu na Oksitan suke yi ba Latin ba, yawanci begen matar da ta fi ƙarfinsu, sau tari ma matar wani ce, Allah ya kyauta. Na farkon da aka sani basarake ne sukutum, Wiliyam na 9 mai mulkin Akwiten, an haife shi 1071. Abin ya ban mamaki, mu a wajenmu sarki ai zama yake a yi masa waƙa, can kuma shi ke ƙirƙira. Waƙoƙinsu sama da dubu biyu sun tsira amma waɗanda aka rubuta da karinsu ba su wuce ɗari biyu da wani abu ba, sauran sai dai ka karanta. Mata ma sun taɓa, a Jamus akwai Hildegad ta Bingen, shugabar gidan mata masu ibada, ta rasu 1179, har yau ana rera nata, sai dai na ibada ne.

Abu Usman, Fot Sudan:
Maganar Andalus kam akwai gaskiya akwai ƙari. Kayan kiɗa sun tsallaka, wannan ba musu, udu da rababa da ƙananan gangunan nan nakkara duk ta hannun Musulmi suka shiga Turai. Mawaƙi Ziryab ya iso Kurɗuba ta Andalus a 822 bayan ya baro Bagadaza, ya ƙara wa udu tsirkiya ta biyar, ya horar da ɗalibai. Ku nemi hotunan littafin waƙoƙin da sarki Alfonso na 10 na Kastila, a Spain ta yau, ya sa aka tara a ƙarni na 13, waƙa sama da ɗari huɗu na yabon Nana Maryam, a ciki akwai zanen Musulmi da Kirista gefe da gefe kowa rungume da abin kiɗansa.

Do re mi kuwa ka ce wa mutumin majalisarku ya kawo tsohon littafin da ya nuna haka, babu. Na Gido ne, ya ciro gaɓar farko ta kowane layi a wata waƙar yabon Annabi Yahaya, ut re mi fa sol la, sai a ƙarni na 17 aka mai da ut ta zama do don ta fi daɗin furtawa.

Malamin Kasala:
Hajiya kin yi gaskiya, na biye wa coci. Ƙari kaɗan, su ma fa malamansu ba duka suka yarda da sabon salon ƙawata waƙar coci da muryoyi da yawa ba. Wajen 1324 Paparoma Yohanna na 22 ya fitar da takarda yana faɗa, wai mawaƙa na daddatsa kalmomi suna cika kunne da ado har ba a jin abin da ake faɗa. Bai hana komai ba dai, Giyom na Masho da ya rasu 1377 malamin coci ne, ya tsara waƙar ibada mai murya huɗu, kuma waƙoƙinsa na soyayya sun fi na ibadar yawa nesa ba kusa ba.

Ɗan Gadarif:
Jazakumullahu hairan iyayena. Abu Usman don Allah in kana da hoton zanen nan turo min ta WhatsApp, mutumin namu ba ya yarda sai ya gani da idonsa, kuma netwok ɗinmu ba ya buɗe manyan shafuka kwanan nan.