Wayar eriyata ce ke cinye sigina?

Salama alaikum 'yan'uwa masu rediyon sha'awa. Daga Garwa nake, abu ya ɗaure mini kai. Ina aiki a MHz 145 da wat 25, eriya a kan rufi, wayar da ta haɗa ta da rediyo samfurin RG-58 ce, mita 30. Na san wannan tsawon kaɗai yana cin kusan dB 6 (ma'aunin asarar ƙarfin sigina), wato kwatan ƙarfin ne ke isa eriya. Amma tun bayan damina, abokina na Pitowa, garin da ke kusa da mu, da ƙyar yake jina, alhali SWR (ma'aunin ƙarfin da ke dawowa daga eriya, wanda ake so ya kusanci 1) ma ya ƙara kyau, 1.2. Da na kwance mahaɗin PL-259 na bakin wayar, sai ga ragar jan ƙarfen da ke cikinta ta yi kore, rana ta tsattsage baƙar robar. Ruwa ne ya shiga? In na yanke mita 2 na wayar ya wadatar, ko dole in nemo RG-213, waya mai kauri da ba ta cin sigina sosai, daga Duwala? Aljihun dai ba nauyi.