Wai ni kaɗai ne a Daura nake karanta komik ina jin kiɗan rok?

Ɗan Kusugu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni mai gyaran waya ne a nan Daura, shagona ba nisa da tasha. Jiya da la'asar ina canza wa wani sikirin, na sa kiɗan Jimi Hendrix, mai kaɗa jitar rok na Amurka, a 'yar sifikata, sai maƙwabcina mai sayar da caja ya leƙo ya ce, "Wai injin markaɗen wa ya lalace?" Har magariba ana yi min dariya. Shi ya sa na ce bari in zo in tambaya, ko akwai masu irin ciwona a ƙasar Katsina.

Komik, wato littafin labari cikin zane, na farko da na riƙe, yayana ne ya kawo min daga Kano ina aji biyu a sakandare. A wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa ya saya, babu bango, kuma shafukan ƙarshe sun yage. Na Spider-Man ne. Turancina a lokacin bai taka kara ya karya ba, hotunan nake bi ina haɗa labarin da kaina, har yau ban san yadda wancan faɗan ya ƙare ba.

Ra'ayina ke nan, wanda zai ji haushi ya ji: Spider-Man ya fi Superman, nesa ba kusa ba. Superman ya girme shi, tun 1938 ya fito, shi kuwa Spider-Man sai 1962 Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙiro shi. Amma Superman ɗan tauri ne da ya haɗa komai shi kaɗai: wuƙa ba ta cinsa, harsashi ba ya huda shi, yana tashi sama, yana gani ta bayan bango. To ina daɗin kallon damben da ka san wanda zai yi kisa tun kafin a ɗaure hannu? Su kansu marubutan sun gane haka, shi ya sa suka nemo masa makari, wani koren dutse daga duniyarsu, da an kawo shi kusa sai jikinsa ya mutu. Kowane maƙiyi kuma sai ka gan shi da guntun dutsen a aljihu, kamar goro.

Shi kuwa Peter Parker, wato Spider-Man, maraya ne, a hannun kawunsa da matar kawun ya tashi. Ya ga ɓarawo yana gudu ya ƙi tare shi, ya ce ba ruwansa, ɓarawon nan ne kuma ya je ya kashe kawun. Kuɗin haya na damunsa. Hotunan kansa yake ɗauka ya kai wa jaridar da editanta ya tsane shi, a biya shi abin da bai kai ya kawo ba, gobe a buga hoton a zage shi da shi. Ku gaya min wane mai sana'ar hannu ne bai san wannan rayuwar ba. Abin dariya ma, mu namu Gizon na tatsuniya mai wayo ne, kansa kawai ya sani, ko Ƙoƙi cutarta yake yi. Nasu gizon shi ake cuta.

Batman ban cika son zancensa ba. Ɗan mai kuɗi ne da ya sayi kayan aiki.

Tambayata biyu ce. Wa ke jin rok a cikinku, kuma wa kuke ji? Sannan me ya hana a zana mana Bayajidda? Superman baƙo ne da ya zo daga nesa ya ceci mutanen gari. Namu baƙon daga Bagadaza ya taso, ya biya ta Barno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya kashe macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Rijiyar tana nan, kullum ina wuce ta a kan mashin. Me ya rage?

'Yar Ƙofar Ƙaura ta amsa:

Wa alaikumus salam. Malam ba kai kaɗai ba ne, mu dai muna ɓuya ne. Ni Linkin Park nake ji tun ina makarantar kwana, wata ƙawata ce ta tura min a memori. Da iyafis nake ji, domin ranar da Hajiyarmu ta ji ihun mawaƙinsu Chester Bennington ta sifika cewa ta yi in kashe kafin maƙwabta su zaci aljanu sun tashi a gidan. Lokacin da ya mutu a 2017 na yi kwana biyu ba na walwala, kuma babu wanda zan gaya wa dalili ya fahimta.

Amma ban yarda da kai a kan Superman ba. Kai ƙarfinsa kake kallo. Ni abin da nake gani, jariri ne da iyayensa suka sa a jirgi suka tura saboda garinsu zai hallaka, manoma suka tsince shi suka raine shi. Ɗan riƙo ne, kuma bai taɓa ɗaga wa mariƙansa murya ba duk da zai iya ɗaga gidan da hannu ɗaya. Kuma in tausayin talaka kake nema, nemi labarin yaran da suka ƙirƙire shi, Jerry Siegel da Joe Shuster. Dala 130 aka ba su suka sallama shi gaba ɗaya, kamfani ya yi ta kwasar dukiya, su kuma suka yi shekaru suna shari'a. Batman ɗin da ka raina ma haka: Bill Finger ya yi aiki mai yawa a kansa tun 1939, amma sai 2015 aka fara sa sunansa kusa da na Bob Kane, wanda a da shi kaɗai ake cewa ya ƙirƙire shi, bayan ya daɗe da mutuwa.

Batun Bayajidda kuma, ku maza kullum daga rijiya kuke fara labarin. Kafin ya zo wa ke mulkin garin? Magajiyoyi ne, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa Daurama. Kuma wa ya ba shi masauki, ya ba shi guga, ya gargaɗe shi kan macijin? Tsohuwa Ayana. In ni zan rubuta, ta bakin Ayana zan ba da labarin: baƙo ya buga mata ƙofa cikin dare yana neman ruwa, ta ce masa babu sai Juma'a, ya ƙi ji. Mutanen Kudu ma sun riga mu. Roye Okupe ya yi Malika, sarauniya mayaƙiya a wata masarauta da ya kira Azzaz. Juya sunan ka ji ko ba Zazzau ba ce.

Bahagon Jibiya ya amsa:

Ɗan Kusugu, kana zaune a bakin iyaka kana neman rok a Amurka? Ni direba ne, Jibiya zuwa Maraɗi nake yi, kuma abin da ke cikin motata Mdou Moctar ne da Bombino da Tinariwen. Ka ce Hendrix kake so. To Hendrix bahago ne, jitar na-dama ya kife ya sake jera mata tsirkiya. Mdou ma bahago ne, Buzu ne daga Nijar, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar. Abin da zai ba ka mamaki, faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauka a 2008, da irin na'urar lanƙwasa muryar nan ta waƙoƙin finafinanmu. Ta waya zuwa waya waƙoƙin suka yaɗu, bulutut da memori, irin sana'arku dai, kafin Turawa su san da shi. Nemi wanda ya fitar a 2021 ka sa wa mai cajar nan, sai dai ka rage murya don ya fi injin markaɗe ƙara.

Tinariwen kuma 'yan Mali ne, sun ci lambar yabon waƙa ta Grammy a 2012. Fasinjojina tsofaffi ba sa ƙorafi in na sa su, wasu har gyaɗa kai suke yi, domin tafiyar kiɗan irin ta raƙumi ce, kunne ya saba da ita. Amma ranar da na gwada Led Zeppelin, 'yan rok na Ingila, wani Alhaji ya ce ko in kashe ko in sauke shi a Dan Isa.

Komik ban san komai a kai ba. Fim ɗin Black Panther na 2018 kawai na gani, a gidan kallo, kuma an ɗauke wuta ana tsakiyar faɗan ƙarshe.

Tsohon Malami ya amsa:

'Ya'yana, jikana ne ya nuna min wannan hira, na ce ya rubuta min abin da zan faɗa. Kuna magana kamar ku kuka fara. A shekarun 1970 ina karatun koyarwa, muna da wani abokin ɗaki da ke zuwa hutu Legas yana dawo mana da faifan garmaho. A wajensa na fara jin BLO da Ofege, ƙungiyoyin rok na ƙasar nan. Su Ofege yara ne 'yan sakandare a Legas, amma in suka saki jita sai ka rantse daga Ingila aka kawo su. A 1973 ma Paul McCartney na ƙungiyar Beatles da kansa ya zo Legas ya ɗauki faifai. Saboda haka rok ba baƙo ba ne a ƙasar nan, an dai yi shi an bari.

Na ji su duka, na kuma ji daɗinsu a lokacin ƙuruciya. Amma na ga Shata da idona a fili, ba a faifai ba. Ba wutar lantarki a jikin kalangu, ba takarda a hannunsa, sai makaɗa da 'yan amshi, ya dubi mutum ya ɗora masa waƙa nan take, fili ya ruɗe. Kai Ɗan Kusugu, a garinku aka binne shi a 1999. Ka taɓa zama ka saurare shi da irin kunnen da kake ba Hendrix, kana bin kalangun kaɗai ka bar muryar? Gwada ka gani.

Kuma in jarumi kuke nema na zane, Bayajidda faɗa ɗaya ya yi. Ya sare kan maciji, aka yi biki, sai haihuwa da rabon garuruwa. Littafi na biyu me za ku sa a ciki? Ku dubi Korau da Sanau a nan Katsina. Sanau sarki ne da ba a kayar da shi a kokawa saboda asirin da ke jikinsa, aka bi ta hannun matarsa aka raba shi da asirin, Korau ya kayar da shi ya yanka shi ya hau gadon. Ga makarin da kake zance, ga cin amana, ga tambayar da za a yi ta gardama a kanta, wato shin Korau gwarzo ne ko mai ƙwace. Har gobe Gidan Korau ake kiran fadar.

Mai Fenti ya amsa:

Allah ya ƙara girma Baba. Ni zanen allon shaguna nake yi a Katsina, kuma na taɓa gwada wannan abin da kuke faɗa. Shafi 12 na zana na wani ɗan dambe mai sagau, wanda duk ya ɗaga masa hannu sai hannun ya sage, maƙiyinsa kuma mai layar zana. Wata biyu na yi a kai, da fensir da bairo baƙi. Na kai aka yi min hoto kwafi 30 a wani shago, tawada ta cinye rabin fuskokin. Na sayar da bakwai. Sauran abokai suka karɓa "za su duba", wani kuma ya ɗauka a waya ya watsa a WhatsApp ba ko sunana.

Abin da mutane ba su sani ba, komik na Amurka ba mutum ɗaya ke yinsa ba. Wani ya rubuta labari, wani ya zana da fensir, wani ya bi da tawada, wani ya sa launi, wani aikinsa kawai rubuta maganar da ke cikin kumfar nan ta saman kai. Ni kaɗai na yi aikin mutum biyar, labarin ne ya fi ba ni wuya. Kuma Hausa tana da tsawo a cikin kumfa, sai ka ga magana ta rufe fuskar mai yin ta. Ƙarar duka ce kawai ta zo min da sauƙi: tim, ƙwal, fau, ragwaf. A nan mun fi su kaya.

Wani abu kuma, Bayajidda da Korau kakannin sarauta ne. Ni ba zan zana fuskarsu in sa a kasuwa ba sai na ji ta bakin manya. Ɗan dambena ba mai cewa na ɓata masa kaka.

Ɗan Kusugu ya sake rubutawa:

Kai, ashe muna da yawa. Baba na gode, na karɓi gyara. Daren jiya na sa Shata na bi kalangun kaɗai kamar yadda ka ce, sai da na maimaita sau uku. Amma ka yi min haƙuri, Hendrix yana nan a inda yake.

Malama 'Yar Ƙofar Ƙaura, zancen ɗan riƙo ya shige ni, ban taɓa kallonsa ta nan ba. Duk da haka Spider-Man ne nawa, Superman bai taɓa rasa kuɗin haya ba. Ayana kuwa kin ci gari, rubuta mana shafi biyu mu gani.

Bahago, na sauke Mdou Moctar da safen nan na sa a shago. Mai caja ya leƙo, na zaci zai sake zancen injin markaɗe, sai ya tsaya ya ce, "Wannan ai kiɗan Buzaye ne, tura min." Na karɓi naira ɗari a hannunsa, kuɗin dariyar shekaranjiya.

Mai Fenti, sauran shafukan nan 12 na asali suna hannunka? Ina da sikana a shago, kuma ranar Asabar zan shigo Katsina sayen kayan gyara. In ka yarda in zo in gani, ina so in san yadda mai sagau ya yi da mutumin da ba ya ganinsa.