Neman kalmar Hausa: na'urar sauka daga jirgi a shirin Star Trek

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Alhamis zan naɗi shiri a kan wasan talabijin Star Trek na asali, wanda tashar NBC ta Amurka ta fara nunawa ranar 8 ga Satumba, 1966, ya kuma tsaya a 1969 bayan kashi 79. Bayanin jirgin sararin samaniya Enterprise da Kyaftin Kirk da Spock mai tsinin kunne bai ba ni wahala ba, amma sunan na'ura ɗaya ya gagare ni. Ita ce wadda mutum yake hawa wani dandamali mai da'irori shida, injiniya ya ja maɓallai, jikin mutumin ya rikiɗe ya koma ƙyalƙyali ya ɓace, sannan ya sake haɗuwa a doron wata duniya. Tun ina yaro da na gan ta a kaset ɗin bidiyo take burge ni, kuma ba na son in wulaƙanta ta da suna na ganin dama.

Malamin sakandare: Wa alaikumus salam. A ari kalmar yadda take a Turanci, a ce taransifota, tunda mun ari rediyo da talabijin ba mu rasa komai ba.

Mai fassara: Malam, a rediyo kunne ne alƙali, kuma duk wanda ya ji taransifota zai ɗauka taransifomar wutar unguwa ake nufi. Ina ba da shawarar "na'urar ɓace-bayyana", a bisa ginin da muka saba da shi a kai-komo da faɗi-tashi, domin ta faɗi aikin biyu a jere kamar yadda mai kallo yake ganinsu.

Dattijo, tsohon ma'aikacin gidan rediyo: 'Ya'yana, kuna neman abin da yake cikin aljihunku. Bahaushe yana da layar zana tun kafin a haifi Gene Roddenberry da ya ƙirƙiri shirin. Mutum ya ɓace a nan, a gan shi a can, wannan ai layar zana ce, kuma ko tsohuwa a ƙauye ta ji za ta gane ba tare da ƙarin bayani ba. Ita kanta kalmar na'ura daga Larabci muka ɗauko ta, kuma abin yana damuna yadda 'yan boko suke jin kunyar kayan gidansu.

Mai fassara: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. Layar zana asiri ce, ba a tambayar yadda take aiki. Wannan kuwa inji ne da yake lalacewa, Scotty, injiniyan jirgin, ya duƙufa gyara, kuma labarai da dama a kan lalacewar tasa aka gina su. Akwai kashin da ya raba Kirk gida biyu, ɗaya mai taushin zuciya har ya kasa yanke hukunci, ɗaya mugu, alhali mutanensa suna can ƙasa sanyi yana neman halaka su, ba damar ɗauko su sai an gano matsalar. Idan muka ce laya, mun mayar da labarin kimiyya tatsuniya. Asalin na'urar ma dabara ce ta rage kashe kuɗi, domin nuna saukar jirgi a kowane kashi ya fi ƙarfin aljihun masu shirin.

Malama daga Damagaram: Ina goyon bayan ɓace-bayyana, sai dai ina da ƙorafi. Kullum idan ana neman kalma, kunnen Kano ake aunawa da shi, kamar mu da muka yi boko da Faransanci ba masu sauraro ba ne. Taransifota ba ta nufin komai a wurinmu, kuma babu wanda ya tuna da haka kafin ya kawo ta.

Malamin sakandare: Hajiya, daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, ba ni na tsara hakan ba.

Malama daga Damagaram: Daidaita rubutu daban, mallakar harshe daban, Malam. A Star Trek ɗin nan akwai Uhura, baƙar fata mai kula da sadarwar jirgi, wadda aka samo sunanta daga kalmar Suwahili mai nufin 'yanci. Idan Amurkawa a 1966 sun iya waiwayar harshen Afirka, ku ma kuna iya waiwayar Damagaram da Maraɗi.

Dattijo: To ga shi kin zo kan maganata. Su sun ɗauki kalmar Afirka ba su ji kunya ba, mu kuwa muna ƙyamar tamu. Ina nan a kan layar zana.

Mai shirin rediyo: Na gode muku duka. Zan yi amfani da "na'urar ɓace-bayyana" a duk tsawon shirin, amma a karon farko zan ce tana aiki kamar layar zana, sai dai ita injiniya ne yake sarrafa ta. Baba, ina fatan hakan ya yi maka.

Dattijo: Bai yi mini ba sarai, domin kalmar ta yi tsawo a baki, kuma za ka ji haka da kanka idan ka maimaita ta a gaban makirfo. Amma shirinka ne. Ka dai tabbata ka furta ɓ ɗin da kyau, kuma ka sanar da mu lokacin da za a sa shi.