Gyaɗar da aka aiko min daga gida, zan iya zuba wa tsuntsaye?

Maman Hanif, Manchesta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya, ta ba ni abin rataya abincin tsuntsaye guda biyu, ɗaya ragar waya ce ta gyaɗa, ɗayan bututun roba mai ƙofofi na zuba ƙwayoyi. Na rataye su a itacen tuffa da ke bayan gida. Tun da sanyi ya shigo gwara ba sa barin wurin, ga wasu 'yan mitsi-mitsi masu shuɗin kai da rawayan ƙirji, sai su maƙale da kai ƙasa suna tsattsagar gyaɗa. Wallahi ina jin daɗin kallonsu ta tagar kicin. To ina da ragowar ɗanyar gyaɗa da Hajiyarmu ta aiko min bara, ta ɗan daɗe a sito. In zuba musu, ko lallai sai ta kanti?

Baban Khalifa, Lids:
Wa alaikumus salam. Hajiya, don Allah kar ki zuba. Gyaɗar da ta sha ajiya cikin danshi, irin na nan Birtaniya, tana yin funfuna, ita kuma funfunar tana fitar da gubar aflatoksin mai lalata hanta. Ba kullum ido ke ganinta ba, suya ma ba ta raba gyaɗa da ita. Wannan mai shuɗin kan nauyinsa kamar giram 11 ne kacal, kaɗan ya ishe shi. Ki sayi wadda aka rubuta an gwada ta don tsuntsaye. Banda mai gishiri. Idan kuma lokacin ƙyanƙyasa ya zo, kar a watsa gyaɗa guda-guda a ƙasa, uwa na iya kai wa 'ya'yanta ta shaƙe su. Amfanin ragar ke nan.

Anti Rabi, Bamingam:
Ƙanwata, ni abin da ya fi damuna wanki ne. Tun wajen 2005 wata cuta mai kama maƙogwaro ta shiga tsuntsayen gidaje a Birtaniya, tana yaɗuwa ta miyau a wurin ci da sha. Ta yi wa koren nan da suke kira greenfinch mummunar ɓarna, har a 2021 aka sa shi a jan jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu. Duk mako ki sauke, ki wanke, ki bari ya bushe sarai kafin ki sake cikawa. Ruwan shansu kullum a canza. In kin ga tsuntsu ya kumbura gashi ya yi zugum, yana ƙoƙarin haɗiya ya kasa, ki sauke komai na 'yan makonni. Ki riƙa share ƙasan wurin kuma, don ɓeraye ba sa jiran gayyata.

Maman Hanif, Manchesta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gyaɗar ta tafi shara. Anti, saura kurege, wannan tokan da aka ce daga Amurka aka kawo su. Ya fara gwigwiyar bakin bututun robar har ya tsage. Wanda ake sayarwa mai kejin ƙarfe a kewaye yana hana shi kuwa, ko in canza wurin ratayar?