Shekarata 37, likita ya ce na yi ƙuruciya da ɗaukewar al'ada

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ƙarfe ukun dare ne kuma idona biyu. Shekarata 37, yarana uku. Kusan shekara guda rabona da barcin kirki. Zafi ke taso min daga ƙirji ya hau wuya har fuska, bayan minti uku ya sauka, sai sanyi ya kama ni. In farka rigar barci sharkaf, matashin kai ma sai na juya shi. Maigidana da fari ya zaci zazzaɓi ne, yanzu ido kawai yake zuba min. Jiya autana ya zubar da ruwa, na daka masa tsawa har ya ɓuya bayan ƙofa, ni kuma na shige banɗaki na yi ta kuka. Al'ada ta zo wata biyu, ta ɓace wata uku.

Na ga likita, ya yi gwajin jini sau ɗaya, ya ce lafiyata ƙalau, damuwa ce. Ta yaya zan sa a saurare ni a ba ni maganin homon, wato mai maye gurbin sinadaran jikin mace da ke raguwa idan al'ada za ta ɗauke?

Anti Babba: Ƙanwata, gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Sinadarin da suke aunawa, FSH, hawa da sauka yake yi a wannan lokacin. Wadda ta haura 45 alamu sun isa. Wadda ba ta kai 40 ba, sau biyu ake gwadawa, tsakaninsu sati 4 zuwa 6. Ki ce a duba tayirod (wata gaɓa a gaban wuya mai samar da homon), ƙarancin jini da ciki, don duk suna kwaikwayon abin. Yawanci wajen shekara 51 al'ada take ɗaukewa, amma kusan mace 1 cikin 100 kafin 40 ne. Ki nemi likitan mata.

Maman 'Yan Biyu: Hmm, kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni shekara biyu ana ce min damuwa. A wurin aiki na manta taro sau biyu, shugabata ta ce hankalina ba ya kan aiki. Har yau ban yafe mata ba wallahi.

Shiru-shiru: Allah ya ba ki lafiya. Amma homon ba da ni ba, an ce kansar mama yake jawowa. Ki rage shan kofi, ki riƙa motsa jiki.

Anti Babba: “An ce” ɗin nan ke cutar da mata. Tsoron ya samo asali ne daga wani babban bincike a Amurka a 2002, matan da aka gwada kuwa matsakaicin shekarunsu 63. Ina 63 ina 37? Wadda al'adarta ta tsaya da wuri, abin da jiki ya kamata ya samar ake mayar mata har wajen 51, don ƙashi kada ya yi rauni. In akwai mahaifa, dole a haɗa homon biyu, istirojin da firojestaron. Na mannawa a fata ko na shafawa ya fi ƙwaya ƙarancin haɗarin daskarewar jini.

Shiru-shiru: Anti, ai ba ki san ko akwai kansa a danginta ba.

'Yar Auta: Yaya, kina tsarin iyali? Ba ki faɗa ba.

Mai tambaya: Na yi allurar wata uku, amma na daina wata takwas da suka wuce.

'Yar Auta: To ai ga amsar! Bayan allurar nan al'ada kan kai shekara kafin ta daidaita.

Mai tambaya: A'a, zafin ya riga daina allurar. Kuma mahaifiyata tana 41 tata ta ɗauke. Na san jikina.

Anti Babba: Kin gaya wa likitan zancen mahaifiyarki? Abin yana bin jini. Ki rubuta ranakun al'ada da na zufa na wata uku, ki kai wa wani likitan. Kuma homon ɗin ba ya hana ɗaukar ciki, ki sani.

Mai tambaya: Bai tambaya ba, minti biyar kacal na yi a gabansa. Amma ba zan canza shi ba, shekara goma yana duba ni, mutumin kirki ne. Kuma wata uku ya yi min nisa, Anti. Ba za a fara ba ni ko kaɗan in gwada ba?

Anti Babba: Ba a gwada shi kamar takalmi.

Maman 'Yan Biyu: Anti, ni ma zan iya yin FSH ɗin? Shekarata 44, kuma ina kan ƙwayar tazara.